Kumatun da magani ya cinye: waiwaye daga Achilafiya

Wanda ya fara raɗa wa ciwon nan suna ƙanjamau da ido ya raɗa masa, ba da gwajin jini ba. Ya ga mutum ya ƙanjame, wuya ya yi tsawo, riga ta yi masa yawa, sai ya kira ciwon da abin da ya gani. Mutanen Uganda ma haka suka yi a farkon shekarun 1980, suka laƙaba masa kalmar Turanci mai nufin siriri. A Najeriya an ba da rahoton mutum na farko a 1986, amma mu nan ƙasar Kazaure sai a shekarun 1990 maganar ta shigo zaure sosai, lokacin Jigawa tana sabuwar jiha. Mutum ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal da ƙarfinsa, a dawo da shi Achilafiya ko Karkarna ko Roni kwance a bayan mota, gudawa ta ƙi tsayawa, tari ya ƙi jin magani. Ba a faɗin sunan ciwon a gaban iyalinsa. A bayan ido ake cewa ciwon zamani, masu kaifin baki su ce kabari salamu alaikum. Daga nan jama'a suka haddace wani karatu da babu malamin da ya biya musu: a dubi fuska, a yanke hukunci.

Karatun ya yi aiki na ɗan lokaci, don a wancan zamanin wanda ya rame irin wannan ramar da wuya ya ga damina biyu. Inda ya ɓaci shi ne bayan magani ya zo. Sai ga wata rama ta daban a fuskar mutanen da ba mutuwa suke shirin yi ba. Suna noma, suna cin kasuwa, suna aurar da 'ya'ya, gwajin jininsu yana kyau, amma kumatu sun lotsa, gefen goshi ya faɗa, ƙashin fuska ya fito fili. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan karon fuska ba ta faɗi gaskiya ba, kuma ba ciwon ne ya mayar da ita haka ba, maganin ne.

Ina da wata 'yar uwa, ɗiyar wan mahaifina, Yaya muke ce mata. Ba zan faɗi garin da ta yi aure ba. Mijinta ya rasu a 2005, ita kuma ta fara shan magani a shekarar da ta biyo baya. Kano take zuwa karɓa. Ta hau mota da asuba, ta wuce Kazaure, ta wuce Dambatta, don kawai kada ta yi kiciɓis da idon sani a layi. Shekarar farko abin kamar almara: matar da ake ɗaga ta a zaunar ta murmure, ta yi kumatu, ta koma dakanta da surfenta, har aka fara cewa ashe sammu ne aka yi mata, ga shi an karya. Ta bar su a haka.

A shekara ta uku ne, a gidan wani suna, wata goggonmu ta kama haɓarta ta juya fuskar wajen haske, a tsakiyar mata, ta ce, “Ke 'yar nan, me ke cin ki haka? Ko abin nan ne ya dawo?” Yaya ta yi dariyar yaƙe ta ce, “Zafi ne, Goggo, da azumin nafila.” Tun daga ranar mayafinta ya fara saukowa gaba. Ni da nake shiga ɗakinta na ga abin da Goggo ba ta gani ba. Jijiyoyin hannu da na ƙwauri sun fito raɗau kamar na ɗan dako. Mazaunai sun zube, zani ya daina zama a ƙugu, zama a kan tabarma ya koma azaba. Da dare tafin ƙafa yana yi mata zafi kamar ta taka garwashi, ta tsoma su a bokitin ruwa ko da hunturu ne. Abin da ya fi ɗaure mana kai, sikeli bai nuna ta ragu ba, don abin da ya bar fuska da ƙafafu kamar ya taru ne a tumbi. Bazawara da ciki ya turo gaba a ƙauye, mai karatu ya san irin zancen da ya biyo baya.

Na raka ta wani asibiti a 2009. Layi har waje. Ma'aikacin da ya duba ta, a gajiye, bai ɗago sosai ba ya ce, “Hajiya, ki ƙara cin abinci mai gina jiki, ki rage tunani.” Muka dawo da wannan. A kan katinta an rubuta sunaye uku na haruffa da lamba, waɗanda a lokacin ba su ce mini komai ba: d4T a farko, sai 3TC, sai NVP.

Wannan d4T ɗin, sunansa sitabudin, an san shi tun kafin a gano ciwon da ake sha dominsa. Wani masanin haɗa magunguna a Amurka, Jerome Horwitz, shi ya haɗa shi a shekarun 1960 yana neman maganin kansa, kamar yadda ya haɗa wani magani mai suna AZT, duka biyun aka ajiye su don ba su yi abin da ake so ba. Da ƙanjamau ya ɓullo aka koma aka kakkaɓe musu ƙura. AZT ya sami izini a 1987. Masana a Jami'ar Yale suka gano sitabudin ma yana taka wa ƙwayar cutar burki, kamfanin Bristol-Myers Squibb ya fito da shi da sunan Zerit a 1994. A 1996, a babban taron da aka yi a Bankuba ta Kanada, aka tabbatar wa duniya cewa haɗa magani uku a lokaci guda yana danne ƙwayar cutar har a kasa ganin ta a jini. Asibitocin Turai da Amurka suka fara sallamar mutanen da aka riga aka yi wa bankwana.

Murna ba ta shekara biyu ba sai marasa lafiyar da kansu suka fara ƙorafi: tumbi yana girma, tozo yana fitowa a bayan wuya irin na bijimi, fuska tana zubewa. A 1998 wani likita a Sidni ta Ostareliya, Andrew Carr, da abokan aikinsa suka bayyana abin a rubuce, aka san shi da sunan lifodistirofi, wato rikicewar rabon kitse a jiki. Da farko an ɗora laifin a kan wani rukunin magunguna da suka fito a lokacin. Sai a hankali aka rarrabe: taruwar kitse a ciki daban, zubewarsa daga fuska da gaɓoɓi daban, kuma wannan na biyun aikin sitabudin ne, AZT yana biye da shi a baya.

Yadda abin yake faruwa ya cancanci a tsaya a kansa, don rashin fahimtarsa ne ya sa aka yi ta ɗura wa mutane ƙwai da madara a banza. Ƙwayar cutar tana hayayyafa ne ta hanyar kwafar kanta, tana jera tubali bisa tubali. Sitabudin tubalin bogi ne. Da ta ɗauke shi ta ɗora, ginin ya tsaya. To amma a cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu 'yan murahu da ke ƙona abinci su ba da ƙarfi, masana na ce musu mitokondiriya, su ma suna da nasu maginin da ke kwafar su, shi ma kuma tubalin bogin yana yaudararsa. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Brinkman, shi ya kawo wannan bayani a 1999, bincike ya zo ya gaskata shi. Idan murahun ƙwayoyin kitsen da ke ƙarƙashin fata suka mutu, ƙwayoyin su ma sai su bi su. Idan na jijiyoyin ƙafa ne, ga zafin tafin ƙafar Yaya. A wasu mutanen, musamman mata masu jiki, jini kan yi tsami har ya kai ga rasa rai. Saboda haka ramar ciwo da ramar magani ba abu ɗaya ba ne. Ta ciwo tana cin tsoka da kitse gaba ɗaya, da zazzaɓi da gudawa, kuma idan aka sami magani da abinci tana komawa. Ta magani kuwa ba hatsi ne ya ƙare ba, rumbun ne ya rushe. Ko dami nawa ka kawo, babu inda za a zuba.

Duk wannan a Turai da Amurka da Ostareliya ake yin sa. Mu a lokacin ba ta kumatu muke ba. A shekarar 2000 maganin mutum ɗaya na shekara yana cin dala 10,000 zuwa 15,000, kuɗin da ko hakimi sai ya yi tunani. Abin da ya sauya lissafin ya faru a Fabrairun 2001, sa'ad da Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya ce zai sayar wa ƙungiyar likitocin nan ta MSF magani ukun a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. Ya haɗe su a ƙwaya guda mai suna Triomune, ɗaya da safe ɗaya da dare, ba ta bukatar firiji, ba ta bukatar a ci wani abinci na musamman. Akwai mai lamba 40 ga wanda ya kai kilo 60, akwai mai lamba 30 ga wanda bai kai ba. Sitabudin ne a cikinta saboda ya fi sauran arha wajen haɗawa, kuma a watannin farko ba ya shan jini kamar AZT, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa suka riga suka rage wa mata jini.

A Afrilun shekarar shugabannin Afirka suka taru a Abuja kan ƙanjamau, kuma gwamnatin Obasanjo ta ƙulla ciniki da Cipla. A farkon 2002 shirin ya fara a cibiyoyi 25, da niyyar ɗaukar manya 10,000 da yara 5,000, mutum yana biyan naira 1,000 a wata, kuɗin gwaje-gwaje kuma daban. Ga mutumin Gwiwa ko Babura wannan na nufin manyan asibitocin koyarwa, mafi kusa Kano, ga kuɗin mota, ga kwana a gidan 'yan uwa da ƙaryar da za a yi musu. Shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, PEPFAR, wanda George Bush ya sanar a Janairun 2003, ya iso Najeriya a 2004, Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya ya shigo da nasa kuɗin, daga 2006 kuma gwamnati ta ce magani kyauta ne. Sannu a hankali ya sauko daga asibitocin koyarwa zuwa manyan asibitocin jihohi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin mutum miliyan 3 kafin ƙarshen 2005, aka tsaya a miliyan 1.3, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗora a Afirka a kan sitabudin aka ɗora su.

A nan ne kwanakin wata suke da ciwo idan aka jera su. Tenofobir, maganin da ya zo ya maye gurbin sitabudin, ya sami izini a Amurka a Oktoban 2001, watanni kaɗan kafin a fara raba Triomune a Najeriya. A 2004 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da mutum kusan 600 na tsawon shekara uku: cikin masu shan sitabudin kashi 19 cikin ɗari sun sami rikicewar kitse, cikin masu shan tenofobir kashi 3. Likitocin ƙasashe masu kuɗi suka juya wa sitabudin baya daga nan. Wato a shekarar da suke sauke shi, a shekarar muke buɗe masa ƙofa da faɗi. Da aka zo aka duba a Afirka, wani bincike a Ruwanda a 2007 ya sami alamun a jikin kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shan magani. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rage awon zuwa 30 ga kowa. Sai a ƙarshen Nuwamban 2009 ta ce ƙasashe su fara janye shi, a 2013 ta ce a daina fara kowa da shi.

Ni dai ba na cikin masu tsine wa Triomune. Da ba don ita ba da Yaya ta bi mijinta tun kafin a fara zancen kumatu, kuma tenofobir a 2002 ba kuɗinsa muke da shi ba. Da babu gara ba daɗi. Abin da ban yafe ba shi ne shirun. An san illar tun kafin ƙwayar farko ta sauka a Legas. Da an gaya wa mutane tun ranar farko cewa maganin nan zai iya cin fuska da ƙafa, idan kun ga alama ku zo a sauya, da da yawa sun tsira da kumatunsu, don abin a hankali yake ci, shekara biyu zuwa uku, kuma wanda aka sauya wa da wuri ba ya kaiwa inda Yaya ta kai. An ji tsoron idan aka faɗa mutane za su guji magani. Abin da ya faru shi ne wasu sun guje shi duk da haka, a ɓoye, bayan sun dubi madubi sun yanke wa kansu hukunci cewa maganin ne ba ya aiki.

Sai an san matsayin ƙiba a wajenmu za a gane nauyin abin. A ƙasar Hausa kumatu shaida ce. Amarya ta yi wata uku ta zo gida ta murje, a ce mijinta yana riƙonta da kyau. Ta zo a rame, kafin ta buɗe baki an riga an tuhumi miji da kishiya da uwar miji. Namiji ya yi wuya ya yi tumbi, a ce kasuwa ta karɓe shi. Saboda haka fuskar da ta zube ba mai ita kaɗai take tona wa asiri ba, har gidan da ta fito. Maza sun sami mafaka a saje da gemu, wasu a rawani. Mata suka shige mayafi da niƙabi, aka yi ta yaba musu tsoron Allah. Ga kuma yaran da aka haifa da cutar aka ɗora su a kan irin wannan ƙwayar ta yara, suka tashi da fuskar tsofaffi tun suna firamare.

Inda asibiti ya yi shiru, kemis ya yi magana. Yaya ta sayo abin da ake kira sha-ka-fashe, ƙwayoyin da 'yan mata ke sha kafin biki don su ciko. Galibi haɗi ne na maganin buɗe ciki da wani mai suna dekisametason. Shi wannan yana kumbura fuska, gaskiya ne, ta yi zagaye kamar faranti, amma ruwa ne da kitsen da bai zauna inda ya dace ba, ramin kumatun yana nan a ƙarƙashi. A madadin haka yana kawo ciwon suga da hawan jini, yana cin ƙashi, yana kuma kwantar da garkuwar jiki, wato ainihin abin da ake shan magani safe da dare don a tayar. Mai ɗauke da tarin fuka a kwance, wannan ƙwaya tana iya tashinsa. Wata biyu Yaya ta yi tana sha, ƙafafu suka kumbura, wata ma'aikaciyar jinya da ta san ta ta karɓe ledar ta ce, “Yaya, wallahi wannan sai ya kashe ki kafin ciwon ya kashe ki.” Ita ce kuma ta fara gaya mata, a tsaye a bakin ƙofa, cewa ramar ta magani ce. A 2011 aka sauya mata zuwa tenofobir.

Sauyin ya tsayar da ɓarnar, zafin ƙafar ya ragu, amma fuskar ba ta dawo ba, kuma haka binciken ya nuna tun da wuri. A wani gwaji da aka yi a Ostareliya aka buga a 2002, waɗanda aka cire wa sitabudin ko AZT sun mayar da ƙasa da rabin kilo na kitse a hannu da ƙafa cikin wata shida, abin da ko su ko likitocinsu ba su iya gani da ido ba. Bayan shekara biyu ya ɗan haura kilo ɗaya. Wanda ya daɗe a kan maganin, ko shekaru suka ja, nasa ya fi wuyar komawa.

Shi ya sa a ƙasashen waje aka koma ga ciko. A Agustan 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Sculptra musamman don fuskar masu wannan larura: allura ce da ake yi a ƙarƙashin fata sau da yawa, tana sa fatar ta yi kauri a hankali, ta riƙe kamar shekara biyu a sake. Radiesse ya biyo baya a 2006. Akwai kuma ɗebo kitsen mutum daga cikinsa a dasa masa a kumatu, ga wanda yake da abin ɗiba. Ƙasar da ta fi burge ni a wannan babi Burazil ce. Ita ce ta yi dokar ba da maganin ƙanjamau kyauta tun 1996, a ƙarshen 2004 kuma ta sa gyaran fuskar a cikin abin da asibitocin gwamnati ke yi kyauta, da hujjar cewa ba kwalliya ba ce, raunin da magani ya yi ne, kuma mutumin da ke jin kunyar fuskarsa yana iya ajiye maganinsa. Amurka ma sai a 2010 inshorar gwamnati ta tsofaffi da naƙasassu ta yarda ta biya. Mu shirye-shiryenmu na kyauta a kan ƙwaya da gwaji suka tsaya. Mai son ciko sai ya nemi likitan fata ko na gyaran jiki a babban birni da kuɗinsa, kuɗin da ya fi ƙarfin amfanin gonar shekara. A wannan giɓin ne masu tallar allurar ƙarin ƙugu da kumatu a Facebook da TikTok suke kiwo. Allurar da ba a san abin da ke cikinta ba, a hannun wanda bai san inda jijiyoyin fuska suka bi ba, tana barin ƙulluwa da ruɓa, wani lokaci har makanta.

Yau labarin ya juya ta inda ba a zata ba. Maganin da kusan kowa ke sha yanzu shi ne wanda ake rubutawa TLD, ƙwaya ɗaya a rana, mai dolutegirabir a ciki. An sanar da farashinsa a dala 75 a shekara a 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi ga kowa a 2019, a 2023 Asusun Duniya ya ce ya sauko ƙasa da dala 45. Ba ya cin kumatu. Ƙorafin da ke biye da shi kishiyar na da ne: gwaje-gwajen da aka yi a Yawunde da Johannasbag, aka buga a 2019, sun nuna masu shan sa suna ƙara nauyi, mata fiye da maza. A ƙauye wannan sai barka, an ce ta samu lafiya ta yi ɓul-ɓul. A asibiti kuwa dalili ne na auna hawan jini da suga a kai a kai, da duba ƙoda saboda tenofobir. Ga tsofaffin masu shan magani irin Yaya, ƙarin nauyin a tumbi yake sauka, kumatu suna nan yadda sitabudin ya bar su. Kuma da tallafin Amurka ya yi tangal-tangal a farkon 2025, su ne suka fi kowa tsorata, don sun san da jikinsu abin da ke faruwa idan farashi ne ya zaɓa wa mutum magani.

Babban binciken ƙasa na 2018 ya sa Najeriya a kashi 1.4 cikin ɗari, Jigawa kuma a 0.3, cikin mafi ƙanƙanta a ƙasar. Abin godiya ne, amma yana da nasa kaifin. Inda masu cutar suke da yawa, mai ramammiyar fuska yana da abokan zama, akwai wanda zai ce masa ni ma haka na yi, ga dalili. A gari kamar Achilafiya mutum shi kaɗai yake ɗauke da tasa, ƙungiyar masu ɗauke da cutar tana can birni, dokar hana tsangwama ta 2014 kuma ba ta zuwa gidan suna. Gwaji ya karɓi aikin da ido yake yi, har Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024, amma idon bai yarda ya yi ritaya ba. Har gobe ana nuna mai faɗaɗɗen kumatu da baki, alhali shi ne mai shekara goma sha biyar yana shan magani ba fashi, ƙwayar cutar ta kwanta a jininsa har ba ya iya sa wa matarsa, wanda ake tsoron kuwa yana iya zama mai kumatu ɓul-ɓul da bai taɓa gwaji ba.

Ga wanda ke shan magani ya ga fuskarsa tana sauyawa: kada ka ajiye ƙwayarka, kada ka je kemis. Ka ɗauki katinka ka tambayi likita wane haɗi kake sha, ko akwai AZT a ciki, don har yanzu ana ba da shi ga waɗanda haɗin farko ya daina yi musu aiki, a kuma auna yawan ƙwayar cutar a jininka a duba tarin fuka da suga, saboda ba kowace rama ce ta magani ba. Ga Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa da hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jiha kuma, mutanen da aka ɗora a kan d4T tsakanin 2002 da lokacin da aka janye shi ba su da yawa, sunayensu suna cikin rajista. A neme su a asirce, a duba ƙafafunsu da fuskokinsu, a gaya musu da Hausa abin da ya same su, a horar da ko likita biyu a Dutse ko Birnin Kudu su iya cikon nan.

Yaya ta aurar da autarta bara. Shekararta goma sha tara ke nan a kan magani, gwajinta na ƙarshe ba a ga ƙwayar cutar ba. A hoton bikin tana tsaye daga gefe, ta ja mayafi har karan hanci.